Jar Ƙwallon da Aka Ba Babana Ajiya

Ko da zan manta da komai na zamanmu a Riyad, ba zan taɓa manta makon da aka ba Babana ajiyar wata jar ƙwallo ba. Lokacin ina aji shida na firamare, muna zaune a unguwar Al-Naseem. Ni yarinya ce da ba ta iya buɗe baki a gaban mutane. Idan baƙo ya shigo gidanmu, bayan labule nake komawa in yi ta kallonsa. Kallo kam na iya shi. Ina iya gaya maka wane maɓalli ne ya ɓace a rigar mutum, amma ba zan iya amsa gaisuwarsa da ƙarfi ba.

Abu na farko da na lura da shi da muka isa filin da Baba ke zuwa wasan kurket a safiyar wata Juma'a ta lokacin sanyi shi ne mutanen sun rabu gida biyu. A gefe ɗaya dattawa ne cikin fararen kaya, suna shan shayi a tsaye. A ɗaya gefen samari ne cikin riguna masu launi iri-iri, suna jefa wa juna ƙwallo suna shewa. Tsakaninsu akwai tazara kamar taku ashirin, kuma babu wanda ya tsallaka ta. Ban taɓa zuwa wurin ba sai ranar. Mama ce ta tafi barka unguwar Al-Jaradiya, ba a so a bar ni ni kaɗai a gida, shi ya sa Baba ya ce in ɗauko littafin zanena in zauna a mota.

Filin ba wani filin wasa ba ne na gaske. Fili ne da mai shi bai gina ba, a bayan wasu shagunan tayoyi, an zuba siminti dogo siriri a tsakiyarsa. Ma'aikata 'yan Pakistan da Indiya da Sri Lanka ke taruwa a wurin duk Juma'a, daga bayan sallar asuba zuwa lokacin shirin masallaci, suna wasan kurket. Hausawa biyu ne kawai a cikinsu, Babana da Kawu, ƙanin Mama.

Baba direban wani kamfanin kayan gini ne. Ya koyi kurket tun yana makarantar sakandare a gida Najeriya, a hannun wani malaminsu ɗan Indiya. Da gwiwarsa ta fara ciwo sai ya koma alƙalin wasa. Yana da wata farar riga mai manyan aljihuna da farar hula mai faɗi da ba ya sa su sai ranar Juma'a. A wurin aiki shi direba ne da ake kira ta waya a ce yalla, yi sauri. A filin nan kuwa, idan ya ɗaga yatsa ɗaya, ko injiniya ne sai ya saɓa katakonsa ya fita ba tare da gardama ba. Sai da na girma na gane cewa wannan yatsa ɗaya shi ne abin da ya fi daraja a duk abin da Babana ya mallaka a ƙasar nan.

Rigimar da ta raba mutanen kuwa a kan irin wasan da za a riƙa yi ce. Ga wanda bai sani ba, a kurket mutum ɗaya ne ke jifa, ɗaya yana bugu da katako yana kare wasu sanduna uku da ke bayansa. Jifa shida ake kira oba ɗaya. Samarin sun fi son gajeren wasa, kowane ɓangare oba ashirin, cikin awa uku an gama an san wanda ya ci. Dattawan kuma dogon wasa suke so, irin na asali wanda a wasu ƙasashe ake kwanaki ana yi. Su da ba su da hutu sai Juma'a, sai suke raba shi Juma'a biyu. Fili ɗaya ne, safiya ɗaya ce. Bayan an daɗe ana ja-in-ja, aka yanke cewa za a yi dogon wasa ɗaya tsakanin dattawa da samari. Idan dattawa suka ci, dogon wasa zai ci gaba da samun rabonsa a kowane wata. Idan samari suka ci, shi ke nan, an rufe babinsa.

Baba aka zaɓa ya yi alƙalanci, amma tun daga mota na ga ba kowa ne ya saki jiki da shi ba. Dattawa sun san Kawu, babban mai jifan samari, surukinsa ne. Samari kuma sun san zuciyar Baba tana wajen dogon wasa. Duk hukuncin da ya yanke, sai na ga wani ya kalli wani.

Samari ne suka fara bugu. Kowa ya shigo sai ya kai wa ƙwallo duka kamar yana jin haushinta. Sun tara maki da yawa cikin ɗan lokaci, amma kafin rana ta ɗaga sosai duk an fitar da su. Sai dattawa suka shiga. Shugabansu wani ɗan Pakistan ne mai gemu ja da lalle, kowa Haji yake kiransa. Shi wannan mutumin ƙwallo za ta zo ta wuce ta gefensa, sai ya ɗaga katakonsa sama ya bar ta ta tafi. Kawu ya yi ta jifa har gumi ya jiƙa masa baya, Haji yana nan kamar an dasa shi. Har lokacin tashi ya yi ba a fitar da shi ba.

A nan ne na ga abin da ya ba ni mamaki. Mutanen ɓangarorin biyu suka kewaye Baba. Ya ɗaga ƙwallon sama kowa ya gani, sannan ya ciro farin hankici ya naɗe ta, ya sa a aljihun rigarsa. A hanya ya yi mini bayani. A dogon wasa ba a canja ƙwallo yadda aka ga dama. Da ita aka fara, da ita za a ci gaba, da tsufanta da ƙurjewarta. Sabuwa tana da tauri da santsi, tana taimakon mai jifa. Idan ta tsufa ta yi laushi, sai mai bugu ya samu sauƙi. Haji ya sha wahalar awa biyu ne don ya tsufar da ita. Masu jifa suna iya goga gefe ɗaya a wandonsu, amma shafa mata mai ko wani abu babban laifi ne.

"Mamana," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wannan dattin da kike gani a jikinta, amana ce."

Da muka isa gida na roƙe shi in zana ta. Ya buɗe hankicin a kan tebur ya ce, "Da ido kawai." Na zana ta yadda take, gefe ɗaya da ɗan sheƙi, ɗaya gefen ya yi furu-furu, ga wani ƙarce kusa da ɗinkin mai siffar harafin nunun Larabci ba tare da ɗigonsa ba. Baba ya mai da ita aljihun farar rigar, ya rataye rigar a ɗakinsu. Bai gaya wa Mama komai ba, don ita kurket a wurinta tsayuwar rana ce kawai ta mutanen da suka rasa abin yi.

Ranar Alhamis da yamma Kawu ya zo cin tuwo, kamar yadda ya saba. Shi a wani garejin gyaran motoci yake aiki. Yana shigowa ya ja mini ɗankwali ya ce, "Balarabiya, yau ma ba za a gaishe mu da Hausa ba?" Haka yake tsokanata, don Larabcina ya fi Hausata a lokacin. Na sunkuyar da kai, kuma a sunkuyen nan ne na ga wani abu. A cinyar wandonsa ta dama akwai jan shafe, dogo, irin wanda jar ƙwallo ke bari idan an goga ta. Ba wandon da ya sa ranar Juma'a ba ne. Samari kuwa da farar ƙwallo suke gajeren wasansu. To ina Kawu ya samu jar ƙwallo a tsakiyar mako?

Suna cin abinci gardama ta tashi.

"Yaya, ku fa yarda kawai za ku yi, zamani ya wuce ku," in ji Kawu. "Wa ke da kwana biyar? Kafilin da ya ɗauke ka aiki rana ɗaya ya ba ka, ita ma rabi. Sai mu ƙarar da ita muna kallon Haji yana gaisawa da ƙwallo tana wucewa?"

"Barinta da ya yi shi ne wasan," in ji Baba. "Ku duka kawai kuka sani. An ba ku safiya guda, ko awa biyu ba ku yi ba kun zube."

"Amma mutane nawa suka zo kallo? Kafin mu fara gajeren wasa ku nawa ne a filin? Ku goma sha, kuma duk shekara sai an yi wa ɗaya biza ta fita ba dawowa. Da ba mu zo ba, da yanzu an mai da wurin wajen ajiye tsofaffin tayoyi."

"Kun cika filin, gaskiya ne. Amma wanda ya saba da abincin bakin titi ba ya iya jiran tukunya ta nuna."

"Ga tukunya nan ina jira, Yaya," in ji Kawu, ya miƙa wa Mama kwanonsa. Duk suka yi dariya. Ni ban yi ba. Sai kuma ya tambayi ƙwallon, kamar da wasa, "Ina mutuniyar tamu? A ɗan nuna mini ita mana."

"Sai gobe a gaban kowa," in ji Baba.

Da aka kira magariba Baba ya riga shi fita masallaci. Kawu ya tsaya ya yi wa Mama wata magana ƙasa-ƙasa a kicin, sannan ya shiga ɗakinsu Baba. Ina bayan labule ina ƙirga. Ya ɗan jima. Da ya fito, hannunsa ɗaya yana dafe da cikinsa, kuma akwai wani abu a ƙarƙashin rigarsa. Ya waiga hagu da dama ya fice. A raina na gama shari'a. Jan shafe, tambayar ƙwallo, shiga ɗaki, ɓoye abu a riga. Na so in gaya wa Baba, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Da safe dai na ce zan bi shi filin, har ya yi mamaki.

Juma'ar nan mutane sun fi na farko yawa. Baba ya tsaya a tsakiya cikin farar rigarsa da ta sha wanki da guga, Haji a damansa, shugaban samari a hagunsa. Ya ciro ƙullin ya buɗe.

Daga mota na hango sheƙinta. Ƙwallon tana walƙiya ta ko'ina kamar tuffa a shagon kayan marmari.

Haji ya karɓe ta, ya juya ta, ya ce da irin Larabcin nan na ma'aikata, "Sadik, hada kura mafi sem-sem." Wato, abokina, wannan ba ita ba ce. Sai hayaniya ta ɓarke. Wani dattijo mai tabarau ya nuna Baba ya nuna Kawu, yana cewa ai dama an faɗa, gida ɗaya suke cin abinci. Samari kuma suka ce dattawa ne suka haɗa baki da alƙali don a soke wasan, tunda sun ga ba za su kai ba. Kowa yana magana da yarensa. Babana yana tsaye da hankici a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce wallahi bai buɗe ta ba tun ranar Juma'a da rana. Mai tabarau ya yi wata 'yar dariya. Sai Baba ya sa hannu ya cire farar hularsa a hankali, ya juyo ya nufo mota.

Ya zauna a kujerar gaba, ya ajiye hular da hankicin a gefena. Kawu ya biyo shi yana cewa, "Yaya, tsaya mana, kada ka tafi haka." Ni kuwa abin da na kwana da shi ya taso mini. Na ce, da Hausa, da muryar da ban san ina da ita ba:

"Baba, Kawu ne. Na gan shi. Ya shiga ɗakinku jiya, ya fito da abu a riga. Kuma akwai jan ƙwallo a wandonsa."

Har yau idan na rufe ido ina ganin fuskar Kawu. Bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi. Kallona kawai ya yi, ya ce, "Ni, 'yar Yaya?" Bai ce Balarabiya ba. Baba ya juya ya dube shi, kuma na ga zargin da ke raina ya tsallaka ya shiga idon Babana. Kawu ya buɗe jakarsa, ya ciro wani tsohon littafi mai koren bango da na sani sarai, littafin dokokin kurket na Baba, ya ajiye a kan motar.

"Abin da na ɗauka ke nan. Yayata ce ta ba ni izini. Kunya na ji in tambaye ka, bayan duk surutun da na yi."

Don in ɓoye fuskata na ɗauki hankicin nan na kai hanci. Hankicin ya sha guga, an ninke shi gida uku, yadda Mama kaɗai ke ninke kaya. Yana ƙamshin turaren wutarta, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan tabon mai. Man zaitun. Sai na tuna. Ranar Alhamis da na dawo daga makaranta, Mama tana gugar kayan Juma'a, ta ƙwala mini kira ta ce in miƙo mata kwalbar man zaitun daga kicin. Ni da hannuna na kai mata. Ban tambayi me za ta yi da man girki a wajen guga ba, ni da ke lura da komai.

"Baba," na ce, "kira Mama."

Ya kira ta, ya buɗe muryar wayar.

"Wannan ƙwallon ta aljihunka? E mana, na goge ta," in ji Mama, hankalinta kwance. "Malam, da haka za ka fita da ita gaban baƙi, kamar an tsinto ta a bola? Ka sha farar riga, sannan ka ciro wannan ƙazanta? A ce ba ka da mata a gida? Sai da na sa tsumma da ɗan sabulu, sannan na bi ta da mai. Ta yi kyau ko?"

Baba ya rufe fuska da tafin hannu. Kawu ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi, ban sani ba ko dariya yake ko wani abu daban.

Saura a gaya wa mutane. Larabcin Baba na wurin aiki ne, ba zai ɗauki wannan bayani ba. Ya dube ni. Ban san yadda aka yi na sauko daga motar ba. Na gyara abayata, na rungume littafin zanena, na bi bayansa har tsakiyar maza sama da talatin. Ƙasa nake kallo, takalman mutane kawai nake gani. Na yi bayani da Larabcin makaranta, na buɗe shafin da na yi zanen, na nuna ƙarcen nan mai kama da nun. Haji ya sa ƙwallon kusa da zanen ya juya ta a hankali. Ƙarcen yana nan a ƙarƙashin man, daidai kusa da ɗinkin. Ya shinshina ta. Sai gemunsa ya fara rawa, ya fashe da dariya, ya fassara wa mutanensa. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, wani ɗan Sri Lanka ya ce matarsa ma da haka za ta yi. Amma ba duka ba. Mai tabarau ya ce labari ne mai daɗi, sai dai ko wa ya shafa man, surukin alƙali ne zai ci moriyarsa. Kuma gaskiyarsa ce. Ƙwallon ta lalace, ba za a yi wasa da ita ba. Sababbi ne kawai a jakar dattawa, sabuwa kuwa ta fi wannan cutar da su. Aka fara cewa a watse kawai.

Kawu ne ya ɗaga hannu. Ya ce doka ta ce idan ƙwallo ta lalace, a nemo wadda tsufanta ya yi daidai da nata. Ya zura hannu a jakarsa ya ciro wata jar ƙwallo, tsohuwa, gefe ɗaya da ɗan sheƙi, ɗaya gefen furu-furu. Ashe tun ranar Asabar ya saye ta. Kullum bayan an tashi aiki yana bayan gareji yana jifan bango da ita, yana neman yadda zai fitar da Haji da tsohuwar ƙwallo. Ga inda jan shafen ya fito. Ya ƙara da cewa tunda daga gidan 'yan uwansa matsalar ta taso, a ƙara wa dattawa maki biyar, kamar yadda ya karanta ana yi. Abokansa suka yi masa ca, ya ce su yi shiru.

Haji ya daɗe yana jujjuya ƙwallon Kawu, ya matsa ta da babban yatsa, ya miƙa wa mai tabarau shi ma ya duba. Sannan ya ce, "Halas. Yalla." Wato shi ke nan, a ci gaba. Baba ya mai da hularsa.

Ban fahimci duk abin da ya faru a wasan ranar ba, amma na ga Kawu ya daina jifa da ƙarfin tsiya. Ya riƙa jefa ƙwallo tana sauka wuri ɗaya, sau ɗaya, sau biyu, sau goma, Haji yana barinta tana wucewa. Can sai wata ta lanƙwaso ciki ta tuge sandar tsakiya. Haji ya tsaya ya kalli sandar, ya kalli Kawu, ya buga katakonsa da tafin hannu alamar jinjina kafin ya fita. Da samari suka sake shiga bugu karo na biyu, na ga shugabansu ya ɗaga katako ya bar ƙwallo ta wuce, abokansa suka yi masa ihu suna kiransa Haji ƙarami. Lokacin masallaci ya yi ba a gama ba. A ƙa'ida canjaras ke nan. Amma samarin nan da suka ce ba su da lokaci, su ne suka ce ba su yarda ba, sai an ƙara Juma'a ta uku.

Mutane suna tambayata yanzu, idan suka ji ina bin kurket, ko gajeren wasa yana kashe na asali. Ba ni da amsar da za ta gamsar da kowa. Baba har gobe yana cewa ya lalata hannun yara, kuma idan na ga yadda wasu ke kai duka ido rufe, sai in ce yana da gaskiya. Abin da na gani da idona dai shi ne, gajeren wasa ne ya kawo Kawu filin nan, kuma Kawu ne ya hana dogon wasa mutuwa a safiyar nan. Shi kuwa ya fi wata biyu bai ja mini ɗankwali ba. Na ba shi haƙuri ya ce ya wuce, amma sai da aka daɗe kafin in sake jin Balarabiya daga bakinsa.

Darasin da na ɗauka ya fi kurket girma. Na ɗauka duk wanda ya iya lura ba ya kuskure. Ashe idan zargi ya riga ya zauna a zuciya, shi ke zaɓar wa ido abin da zai gani. Duk abin da na gani game da Kawu gaskiya ne, ma'anar da na ba shi ce ƙarya. Kwalbar man da na ɗauka da hannuna kuwa ban ma lissafa ta ba, don ba na zargin Mama. Tun daga ranar, idan na ji na gama yanke wa mutum hukunci a raina, sai in tambayi kaina wace kwalba ce na manta.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Da aka tashi a Juma'ar nan ta biyu, mutane suka sake kewaye Baba don a ajiye ƙwallon da ake wasa da ita. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Kafin ya ciro hankici, mai tabarau ya yi wa Haji raɗa, Haji ya miƙa hannu ya karɓe ta ya sa a aljihunsa, yana murmushi kamar ba komai. Baba ya ninke hankicin da babu komai a ciki, ya nufi mota, yana kallon wani wuri can daban. An yarda bai yi ha'inci ba, amma ba a mai da masa da amanarsa ba, kuma na san idan aka tafi a haka ba zai sake sa farar rigar nan ba.

Baba ya ci gaba da alƙalanci a filin nan har shekarar da muka bar Riyad, kuma bai taɓa sanin me na ce wa Haji ba, don yana can yana buɗe mota. Na bi dattijon har inda yake ɗaure jakarsa. A karon farko a rayuwata na ɗaga kai na kalli baƙo a ido, na miƙa masa hannuwana biyu.

"Ya ammi," na ce, yadda Larabawa ke kiran dattijo baffa, "don Allah ka mai da wa Babana ƙwallon. Ni zan yi gadinta har Juma'a. Ko Mamata ba za ta taɓa ta ba."